Kafin Ka Nema Wa Yaronka Maganin Cin Abinci

 

 Cikin saƙonnin da kuke turowa babu wanda ya kai wannan yawa: "Malam, yarona ba ya cin abinci, a taimaka mana da magani." Wani ya ce a haɗa masa da habbatus sauda, wata ta ce rubutu take so, wani ma ya riga ya sayo na ruwa a kemis, tambayarsa kawai ko zai iya haɗawa da namu. Yau zan amsa muku gaba ɗaya, kuma na san amsar ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Yawancin yaran nan babu ciwon komai a jikinsu. Mu ne muke cika musu ciki da abin da ba abinci ba, in lokacin abincin ya zo sai mu ce sun ƙi ci.

Ku lissafa da kanku. Yaro ɗan shekara uku ya tashi da safe, an ba shi shayi mai sukari cokali uku da burodi. Hantsi ya yi, baba zai fita, yaro ya riƙe masa riga, an ciro kuɗi an ce je ka sayo biskit. Kawu ya shigo da alewa. Mai askirim ya wuce yana busa, an tare shi. Azahar ta yi an zuba shinkafa da wake, yaro ya kai loma biyu ya ture kwano. To ina zai sa? Cikin ƙaramin yaro bai fi ɗan kofin shayi ko biyu ba, kuma zaƙi yana kashe yunwa ba tare da ya gina komai a jiki ba. Da daddare sai uwa ta ji tausayi, ta ce kada ya kwana da yunwa, ta dafa masa indomi tsura, babu ƙwai babu ganye. Gobe a sake haka. In an yi wata shida a kan wannan, harshen yaro ya riga ya saba da sukari da gishiri da ɗanɗanon leda, miyar kuka kuwa ta zama kamar magani a bakinsa.

Ku san abin da ke cikin robar lemon nan da kuke miƙa wa yara. Baƙin lemo na roba mai santilita 50 yana ɗauke da sukari sama da giram 50, wato cokalin shayi 12 zuwa 13. Da za a ce ki ɗebo sukari cokali 13 ki ɗura wa ɗanki a baki, wallahi ba za ki yarda ba, amma da an narka shi an sa masa kala an sanyaya sai ya zama gata. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawararta ta 2015 ta ce ya fi alheri babban mutum ya tsaya wajen cokali 6 a yini. Babba ke nan fa, ba ɗan yaye ba. Yaron da bai kai shekara biyu ba ma ba a so a ƙara masa sukari a abinci ko a ba shi lemon zaƙi sam. Har gwamnatin Najeriya sai da ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka a dokar kuɗi ta 2021, saboda abin da ake gani na ciwon sukari da ƙiba. Mu kuma a gida muna kallon ruɓewar haƙoran yara tun kafin su yi famfara, muna cewa tsutsa ce ta ci.

Kada wata ta ce ai ni zoɓo nake yi da kaina. Zoɓon gida da kunun aya sun fi na kamfani nesa ba kusa ba, amma in kika ɗura musu sukari da garin kala kin dawo inda aka gudo. Ki rage a hankali, ki zaƙaƙa da dabino ko abarba. Ruwa mai tsafta kuwa shi ne abin shan yaro na asali.

Imamu Gazali a cikin Ihya'u, a babin tarbiyyar yara, ya nuna cewa halin da yake fara rinjayar yaro shi ne kwaɗayin abinci, don haka daga nan ake fara ladabtar da shi. Ibnul Ƙayyim ma ya yi magana mai faɗi a kan renon jarirai da ciyar da su a Tuhfatul Maududi. Malamanmu na da ba su ɗauki cin abincin yaro a matsayin zancen mata a madafa kawai ba, cikin tarbiyya suka sa shi. Yaron da ya saba duk abin da ya nuna da yatsa ya yi kuka sai an saya masa, shi ne wanda in ya girma ba zai iya yi wa zuciyarsa linzami ba.

Na san abin da za ku ce: "Malam, kuka yake yi, birgima yake yi, ba zan iya kallonsa ba." Babu wanda ya kai Manzon Allah (SAW) son jikokinsa. Amma a Bukhari da Muslim an ruwaito cewa Hasan ɗan Ali (RA) yana ƙarami ya ɗauki dabino ɗaya cikin dabinon sadaka ya sa a baki, Annabi ya sa shi ya tofar, kuma ya gaya masa dalili. Dalilin can na halacci ne, don iyalan gidan Annabi ba sa cin sadaka. Abin da nake so ku ɗauka shi ne, an hana yaro abin da ya riga ya sa a baki, dabino ɗaya tak, cikin so, kuma aka yi masa bayani duk da ƙuruciyarsa. Kuka ba ya kashe yaro. Kwana uku zuwa mako guda in ya ga babu fuska, zai haƙura. Sharaɗi ɗaya ne, bakin gidan ya zama ɗaya. In uwa ta hana, uba ya ba shi a ɓoye, ko kaka ta ce "ku bar min miji ya sha abinsa", an rusa aikin. Hajiya kaka, da girmamawa nake roƙonki, in za ki yi wa jika tsaraba ki riƙo masa ayaba, ko goba, ko ƙuli-ƙuli, ko dafaffen ƙwai. Zai so ki kamar yadda yake sonki da alewa.

*Kai maigida*

Yanzu bari in juyo kanka, don yawancin saƙonnin nan laifin uwa kuke kawo min.

Akwai magidanci da zai ajiye kuɗin cefanen da shi kansa ya san ba zai kai ko'ina ba, ya fita. Da safe yana teburin mai shayi, a soya masa ƙwai uku. Da yamma yana wajen mai tsire ko mai balangu, ya ci ya goge baki, ya shigo gida yana sakace. Yaransa kuwa tuwo ne da miyar da ba ta ga ko ƙashin kifi ba. In an yi sa'a an sa nama a miya, tsoka mai kyau kwanon maigida take tafiya, yara a ba su romo. Ɗan'uwa, jikinka ya gama ginuwa. Wanda ake gina wa ƙashi da jini da ƙwaƙwalwa a yanzu shi ne wancan ɗan ƙaramin da ke kallon hannunka. Masana sun yi ittifaƙi cewa kwanaki 1000 na farko, daga shigar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu, su ne lokacin da in aka yi asara da wuya a mayar da ita. Yaron da ya tsumbure a wannan lokaci, ko daga baya an wadata shi, sau da yawa tsayinsa da kaifin fahimtarsa ba sa kai inda ya kamata su kai. Sai ka kai shi makarantar allo ko ta boko ka ce ba ya ganewa, ka sa a yi ta dukansa.

A Sahihu Muslim, Abu Huraira (RA) ya ba da labarin cewa in mutanen Madina suka kawo wa Annabi (SAW) nunan fari na 'ya'yan itace, yakan yi addu'ar albarka, sannan ya miƙa wa mafi ƙanƙantar yaron da ke wurin. Mafi ƙanƙanta, ba mafi girma ba. A Muslim ɗin dai an nuna cewa cikin kuɗin da mutum yake kashewa ta hanyoyin alheri, wanda ya kashe wa iyalinsa ya fi lada. Saboda haka ƙwan nan uku na wajen mai shayi, ka ci ɗaya ka kawo biyu gida. Tsiren nan a ƙunshe shi a zo a ci tare. Ban ce ka ciyo bashi ba, kowa ya san halin da ake ciki na tsadar kaya. Abin da kake kashewa ɗin nan dai, shi za ka karkatar. Ka tsaya a shagon unguwarku ka tambayi kuɗin robar lemo ɗaya da fakitin biskit, ka tambayi kuɗin ƙwai da gwangwanin wake, ka auna da kanka.

Kuma zancen nan da muka gada cewa in ana ba yaro ƙwai zai yi sata, ku jefar da shi. Ba shi da asali a addini, ba shi da asali a ilimin magani. Ni ina zaton wani babba mai son ƙwan ne ya ƙirƙiro shi. Daga wata shida ana iya ba yaro dafaffen ƙwai da aka murmushe, in da hali kullum, in babu ko sau biyu ko uku a mako.

Sai batun zama. Yaushe rabon da ka ci abinci da 'ya'yanka? Umar ɗan Abu Salama (RA) agola ne a gidan Annabi, ɗan Ummu Salama. Ya ce yana yaro hannunsa yana yawo ko'ina cikin akushi, sai Annabi (SAW) ya koya masa abu uku: ya ambaci sunan Allah, ya ci da dama, ya ci abin da ke gabansa. Ya ce daga ranar haka cin abincinsa ya kasance har ya girma. Mun haddace hadisin nan tun muna yara, amma akwai abin da muke tsallakewa a cikinsa. Ta yaya Annabi ya ga hannun yaron? Don suna zaune tare ne, kwano ɗaya. Shugaban halitta yana cin abinci da ɗan ƙaramin yaro, agola ma. Bai mare shi ba, bai kore shi daga kwano ba, kalmomi kaɗan ya gaya masa kuma suka zauna har abada. Kai kuwa an kai maka naka ɗaki an rufe da faifai, yara suna tsakar gida suna wawaso, ta ina za ka san wanda ya ci da wanda bai ci ba?

Anas ɗan Malik (RA) ma ya ba da nasa labarin. Wani tela ya gayyaci Annabi cin abinci, aka kawo gurasar sha'ir da romo mai kabewa da busasshen nama. Anas yana yaro ya ga Annabi yana bin yankan kabewar a gefen kwano yana tsinta, ya ce tun daga ranar yake son kabewa. Babu wanda ya yi masa wa'azin amfanin kabewa. Gani ya yi wanda yake ƙauna yana ci da marmari. In kai uba kana ture kwaɗon zogale kana cewa "wannan ai abincin awaki ne", kada ka yi tsammanin ɗanka zai ci. Abu Huraira ya shaida cewa Annabi bai taɓa kushe abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Ku riƙe wannan a gaban yara ko da miyar ba ta yi muku ba.

Wani gyara guda a nan. Cin abinci tare sunna ne kuma akwai albarka a ciki, amma ɗan shekara ɗaya ko biyu ba zai iya tsere da yayyensa a kwano ɗaya ba. Kafin ya kai loma uku sun share. Irin wannan a zaunar da shi cikinsu, amma a zuba masa nasa a ɗan kwanonsa, babba yana kusa yana taimaka masa. Ta haka ne za a san iya abin da ya shiga cikinsa.

*Ke uwargida*

Allah Ya saka miki da alheri, wahalar da kike sha Shi kaɗai Ya san ta. Amma akwai al'adu da dole mu faɗa wa juna gaskiya a kansu.

Na farko ɗura. A kwantar da yaro a cinya, a matse masa hannuwa, a toshe hanci, a tara kunu a tafin hannu a bakinsa, yana kuka yana haɗiya. Iyayenmu sun yi da kyakkyawar niyya, amma abin nan yana kisa. Yaron da ke kuka hanyar numfashinsa a buɗe take, kunu yana iya faɗawa huhu, ya shaƙe nan take ko ya jawo ciwon huhu bayan kwana biyu. Wanda ya tsira kuma yakan taso yana ganin kwano gabansa ya faɗi. Ki bar ɗura kwata-kwata. Ki zaunar da shi, ki ba shi da cokali ko da hannunki wankakke, kaɗan-kaɗan, kina yi masa wasa. In ya kau da kai ya rufe baki, ki ɗan saurara ki sake gwadawa, in ya ƙi ki ɗauke, amma kada ki maye gurbin da biskit. Ki jira lokacin ci na gaba, yunwa za ta yi miki aikin.

In kin kawo masa sabon abu ya tofar, ba shi ke nuna ba zai taɓa ci ba. Yaro yakan buƙaci a gwada masa abu sau goma ko fiye kafin bakinsa ya karɓa. Yau kin ba shi kabewa ya ƙi, jibi ki dama ta cikin fate, gata ki haɗa da wake. In bayan duk wannan akwai abu ɗaya ko biyu da ransa ba ya so, ki ƙyale shi. Annabi kansa an kawo naman damo a gidan Maimuna (RA) bai ci ba, ya ce ba haramun ba ne, ransa ne bai karɓa ba don bai saba da shi a ƙasarsu ba, Khalid ɗan Walid kuma ya jawo ya ci a gabansa. Kowane ɗan Adam yana da abin da ba ya so. Abin da ba za a yarda da shi ba shi ne yaro ya ce duk duniya indomi kaɗai zai ci.

Wayar nan da ake kunna wa yaro yana kallo ana cusa masa abinci, ita ma ɗura ce ta zamani. Bai san me ya ci ba, bai san ya ƙoshi ba.

Na biyu, tsinkakken kunu. Koko mai ruwa-ruwa da ake zubawa a fida yana cika ciki ne kawai. Kunun yaro ya zama mai kaurin da in kin karkata cokali ba zai zube da sauri ba, kuma kada ya zama gero zalla. Ga haɗin da ma'aikatan lafiya ke koyarwa, wanda suke kira Tom Brown: awo 6 na hatsi, gero ko dawa ko masara ko a gauraya su, awo 3 na waken suya, awo 1 na gyaɗa. A jiƙa waken suya a cire ɓawon, a shanya, a soya kowanne daban sama-sama, a haɗa a niƙa, a adana a mazubi mai murfi. In za a dama a bar shi ya dahu sosai a wuta. Ki ƙara ɗan cokalin man gyaɗa ko manja, da ɗan garin zogale da aka busar a inuwa. Ki tsince gyaɗar da masarar da kyau, duk ƙwayar da ta yi fumfuna ko take ɗaci a zubar, don akwai guba a cikinta mai lalata hanta, kuma wuta ba ta kashe ta.

Daga wata 6 zuwa 8 a ba shi abinci sau 2 zuwa 3 a yini tare da nono. Daga wata 9 har shekara biyu, sau 3 zuwa 4, da ɗan abin taɓawa a tsakani kamar gwanda, mangwaro, ayaba, dafaffen dankalin Hausa ko alala. Hadisin Miƙdamu ɗan Ma'adi Kariba da Tirmizi ya ruwaito, na kasa ciki kashi uku tsakanin abinci da ruwa da numfashi, magani ne babba ga mu manya da yaran da suka tasa, kuma aya ta 31 a Suratul A'arafi ta hana ɓarna a ci da sha. Amma kada wani ya fake da su ya ƙuntata wa ɗan yaye. Shi cikinsa ƙarami ne, buƙatarsa babba, dole a riƙa ba shi akai-akai.

Allah bai hana ƙasarmu komai ba. Zogale, rama, alayyahu, yakuwa, tafasa, kuka, kabewa, karas, wake, gyaɗa, riɗi, daddawa, awara, kindirmo, busasshen kifi da za a daka a barbaɗa a miya, ɗan yankin hanta ko sau ɗaya a mako. Ɗanwake da dambu da fate da ƙosai duk abincin gina jiki ne, mu ne muka raina su muka ɗauka na leda ya fi. Abu biyu kawai zan ja hankali. Shayi yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe da ke ƙara jini, saboda haka kada ya zama abin korawar yaro a kan abinci, a ba shi lemon zaƙi na itace ko goba a madadinsa, su suna taimakawa. Sannan gyaɗa ƙwaya-ƙwaya, da aya, da alewa mai tauri, da dabino mai ƙwallo, ba a ba ƙananan yara su haka, suna maƙalewa a maƙogwaro. A niƙa ko a cire ƙwallon.

Na uku, jarirai. Wata shidan farko nonon uwa kaɗai, ko ruwa ba ya buƙata, ko a zafin Afrilu, don mafi yawan nonon ruwa ne. Uwar ce za ta yawaita sha. Dakashi, wato nonon farko mai kauri da wasu ke matsewa su zubar, shi ne rigakafin farko da Allah Ya tanadar wa jariri, a sa shi a nono tun cikin sa'ar farko. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa, kuma likitocin yau a nan suka tsaya. In ciki ya shiga kina goyo, kada ki fizge yaro daga nono dare ɗaya ki tura shi wajen kaka da sunan zai sha ciki. A Sahihu Muslim, ta hanyar Judama 'yar Wahbu, Annabi (SAW) ya yi niyyar hana gila, sai ya lura Rumawa da Farisa suna yi ba ya cutar da 'ya'yansu, ya bari. Malamai sun fassara gila da kusantar mace mai shayarwa, wasu kuma da shayarwa a kan ciki. Nonon mai ciki ba guba ba ne. Abin da ke kayar da yaran nan shi ne yayen gaggawa ba tare da abincin da zai maye gurbi ba. Ki ƙara cin abinci, ki je awo, in ma'aikaciyar lafiya ta ga dalilin dakatarwa za ta gaya miki.

Zuma kuwa, ku saurara da kyau, don ni mai sayar da ita ne kuma mai yi wa mutane wasiyya da ita. Allah Ya ambaci warakar da ke cikinta a Suratun Nahli, babu mai jayayya. Amma jaririn da bai cika shekara ɗaya ba, ba a ba shi zuma, ko lasawa, ko a ruwan zam-zam, ko a rubutu. Takan ɗauko ƙwayar wata cuta da hanjin babba yake iya kashewa, na jariri ba ya iyawa. Sai ka ga yaro ya daina bayan gida, ya kasa tsotso, wuya ya saki, numfashi ya yi rauni. Ingancin zumar ba ya hana wannan, ko daga amya aka ɗebo ta yau. Tahnikin da ya tabbata da dabino aka yi shi, ɗan abin da za a shafa a dasashi. Kowane magani yana da lokacinsa da gwargwadonsa, haka Ibnul Ƙayyim ya yi ta nanatawa a Zadul Ma'adi. Habbatus sauda da sauran jiƙe-jiƙe ma ku ɗaga wa jarirai ƙafa.

Magungunan sa cin abinci da ake saya a kemis ba tare da likita ba, wasu barci suke sa yaro, wasu kuma irin sha-ka-fashe ne, fuska ta kumbura ku ce ƙiba ce alhali garkuwar jiki ake karyawa. Kada ku ba yara.

To yaushe ne rashin cin abinci yake zama ciwo na gaske? In yaro yana ramewa ko nauyinsa ya tsaya cak wata da watanni. In ƙafafunsa biyu sun kumbura, ka danna da yatsa wurin ya lotsa. In gashinsa ya yi ja ya yi laushi yana zuba, ko fatarsa tana saɓulewa. In tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari, ko yana cin ƙasa, wanda sau da yawa alamar ƙarancin jini ce. In ga zazzaɓi, ko gudawar da ta ƙi tsayawa, ko tari mai daɗewa, ko ƙuraje a baki. Wannan ba na zaurena ba ne, asibiti za ku nufa a ranar, ku haɗa da addu'a a hanya. Kada a ce maita ce ko sammu ko haƙori a zauna ana jiƙa saiwa. Tamowa tana kashe yara a gabanmu. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ba da rahoton cewa yara 652 suka rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina a wata shidan farko na 2025 saboda ita, kuma da yawa an kai su ne bayan abin ya yi nisa. A asibitin sha-ka-tafi ma akwai ɗan tef mai kala da ake zagaya damtsen yaro da shi, daga ɗan wata 6 zuwa shekara 5. In ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani. Abincin leda mai gyaɗa da za a ba ku magani ne na wannan yaron shi kaɗai. Wanda ya raba wa sauran yara, ko ya shafa a burodi, ko ya kai kasuwa ya sayar, ya ci amanar mara lafiya, kuma Allah zai tambaye shi.

In yaro yana gudawa kada a daina ba shi nono da abinci da sunan hutar da ciki. A ba shi ruwan gishiri da sukari na leda da ƙwayar zinc yadda ma'aikacin lafiya ya tsara, in ya warke a ƙara masa ci ɗaya a kan na kullum har mako biyu don ya mayar da abin da ya zube. In an zo makon lafiyar mata da ƙananan yara ku fito da su a ɗiga musu bitamin A, waɗanda suka cika shekara ɗaya a ba su maganin tsutsar ciki. Wanke hannu da sabulu kafin ci da bayan fitowa daga bayi, wannan kam ba sai na tsaya a kai ba.

Masu 'yan makaranta, kuɗin tara da kuke ba su ku bibiyi inda yake tafiya. Ya fi a ƙulla musu ƙosai, ko awara, ko dafaffen ƙwai, ko dabino da gorar ruwa daga gida, ko da kwana uku ne a mako.

Wanda zai turo tambaya a kan yaronsa, ya rubuto shekarunsa da watanninsa, da duk abin da ya shiga bakinsa jiya tun daga asuba har kwanciya, har da na kaka da na maƙwabta, kada a ɓoye min alewa. Ku tura wa sauran magidanta, musamman masu ɗan yaye a gida. Allah Ya raya mana zuri'a cikin lafiya da imani.